Ƙoƙon Doguwa

An kai ni lakkal, makarantar boko ta Filinge, ina ɗan shekara bakwai, ba don an ga wayo a idona ba. Kumandan, Baturen mulki, ya ce kowane gari na ƙasar Kurfai ya ba da yaro ɗaya. Maigarin Tungar Haske ya duba, ya ga ni ne marayan da ba za a yi dogon kuka a kansa ba. Mutum ɗaya ta yi kukan, yayata Tambara, wadda ta goye ni bayan rasuwar uwarmu. Ta bi jakin da aka ɗora ni har gindin dutse, sannan aka janye ta.

Daga Filinge sai Yamai. Shekarar da aka sauke tutar Faransa na gama lise, babbar sakandare, sabuwar gwamnati kuwa tana neman likitoci ido rufe. Aka tura ni Dakar, daga can Strasbourg, inda na karanci cututtukan hankali a hannun wata mace, Madam Odil Brisak.

Ita ba ta yarda a zauna ana tambayar majinyaci mafarkinsa kawai ba. Takan ce ƙwaƙwalwa nama ce, tana ci tana sha kamar hanta, kuma abin da ta rasa yakan bar sawu a jini da fitsari. Aikinta ke nan, bin wannan sawu da awo. A ɗakin bincikenta akwai Mansur ɗan Tunisiya, da wata 'yar Chile, da wani tsoho ɗan Biyetnam, da ni. Ban taɓa ganin sunanta shi kaɗai a kan takarda ba. Ɗalibanta sun watsu cikin duniya, wasu sun zama manya a ƙasashensu, kowa da labarin da yake bayarwa a kanta. Nawa gajere ne.

Na dawo gida a ƙarshen 1973. Aka ba ni gidan likita na Filinge, da majo guda mai taya ni jinya, da tsohuwar Landroba mai tashi in ta ga dama. Ruwa ya ƙi shekara bayan shekara. Shanu sun kwanta a bakin rijiyoyi ba su tashi ba. Mutanen da suka girma da gero, fura da rana, tuwo da yamma, sun koma cin abin da kamyo, wato babbar motar kaya, ya sauke: masara da jar dawa ta taimako, ba nono, ba wake, ba miyar kirki.

Wata Lahadin kasuwa wani mai jaki ya tsaya a ƙofata, ya ce Inna Kulu na kirana. Kulu ita ce zimar yankinmu, uwar 'yan bori, wadda ake kai wa duk wanda iska ta taɓa. Ba ta taɓa aika wa ɗan lakkal ba. Na tura motar ta tashi, na tafi.

A ƙofar gida na tarar da Baushe, mijin Tambara. Tun ina yaro muke wasa da shi, irin na mutum da ƙanen matarsa.

"A'a, lokotoron mahaukata! Sai yau? Mun aza annasara sun cinye ka."

"Sun ɗanɗana, sun ji ɗaci. Ina yayata?"

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya nuna da baki.

Tana zaune ƙarƙashin rumfa, an ɗaure mata ƙafa da igiya a jikin dirka. Ta rame har zanen ya zagaya ta sau biyu. Na durƙusa, na ce, "Yaya." Ta dube ni kamar yadda ake duban kututture. Sai ta ce a kore awakin da suka hau ɗaki. Babu akuya ko ɗaya a garin.

"Sau biyu muna cim mata bakin rijiya," in ji Baushe. "Kar ka dube ni hakanga, Albarka. In kana da abin da ya hi igiya, ba ni."

Kulu tana gefe a kan tabarma, 'yar ƙaramar tsohuwa mai jan haƙori na taba. Na fara gaisuwa, ta katse ni.

"Ba gaisuwa nik kira ka ba, ɗan lakkal. Zamna. Ka san yayakka goɗiyar Doguwa ce tun tana budurwa, ita taka hawa. Mun kaɗa goge, mun kira. Doguwa ta zo bisa wata, tac ce ba hannunta. Iska in ta kama mutum akwai abin da take so, kuma tana hwaɗi. Wanga ba shi son komi. Ba namu na ba. Kuma ba ita ɗai ba, mata sun hi goma cikin garuruwan ga."

Na janye mayafin Tambara. A wuyanta akwai baƙin zobe mai kaushi, kamar sarƙa, daidai inda rana ke bugu. Bayan hannuwanta da ƙafafunta sun yi baƙi, sun tsage. Harshenta ja zur. Na tambaya, aka ce zawo ya daɗe. Na san cutar a littafi, ban taɓa taɓa ta da hannu ba. Sunanta pelagra. Jiki ne ke rasa wani ɗan sinadari wanda gero da nono da wake ke bayarwa, masara tsura kuwa ba ta bayarwa. Tana cin fata, ta ci hanji, ta ci hankali, sannan ta kashe. Maganinta farar ƙwaya ce mai araha. Babu ko ɗaya a Filinge, Yamai kuma ta kan ƙyanda da yunwar yara take yi.

Na rubuta wa Madam. Amsarta ta zo a kwali: ƙwayoyin, da ƙananan kwalabe, da buƙata ɗaya. In ɗebi fitsarin kowane majinyaci, in ɗebi na masu lafiya a gida ɗaya da shi don a kwatanta, in riƙa aika mata ta jirgi. Ta daɗe tana son ta gani a awo yadda hankali ke komowa yayin da wannan sinadari ke komawa jini. A Turai ba ta samun masu cutar. Ta ce za mu rubuta tare.

Na zaga garuruwa na raba. Na Tambara na danƙa wa Muna, matar ɗanta, wanda ya tafi Abijan nema ya bar ta da yara uku. Safe da yamma, na ce mata. Littafi ya ce cikin 'yan kwanaki kai ke washewa. Mazan da na ba sun washe. Wani tsoho a hanyar Damana ya farka da safe yana neman hauyarsa. Matan kuwa, ban da ɗaya ko biyu, shiru. Tambara ta daina ma maganar awaki. Na ninka mata ƙwayar. Shiru. In na zo, Baushe ya daina tsokanata, sai ya miƙo hannu kawai.

Wata safiya aka kira ni gidan waya. Muryar Madam tana zuwa tana yankewa.

"Albarka, kwalabenka sun fito a juye. Matan nan marasa lafiya, babu alamar magani a jikinsu. Masu lafiyar ne suka cika da shi, musamman yara. Mansur ya ce ka musanya sunayen."

"Ban musanya ba."

"Na sani. Na ga aikin hannunka shekara da shekaru. In ba kai ka yi kuskure ba, to fitsarin gaskiya yake faɗa, mu ne ba mu gane ba. Ina zuwa."

Ta zo a tsakiyar bazara, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, kowace mahaɗa da shinge. Gajeriyar mace mai furfura, da malfar da ta saya a Baleyara. Ba ta zo da na'ura ko ɗaya ba. Da muka isa Tunga ta ce a shimfiɗa mata tabarma a inuwar danga, inda take ganin Tambara, kuma kada in tambayi kowa komai. Mu zauna mu yi kallo.

Kulu ta zo ganin baƙuwa. Ta ƙare mata kallo daga malfa har takalmi.

"Ita ce mai tara hitsarin mutane? Ce mata an gaishe ta da aiki. Tambaye ta, wa ka dahwa ma mijinta da tat taho?"

Na tambaya. "Ta ce shi ke dafa wa kansa."

"Kai! Wagga tana da maganin da ya hi nawa. Ce ta sam man."

Madam ta ce za su yi musaya. Kulu ta yi dariya har tari ya kama ta, ta zauna kusa da ita. Ba su da kalma ɗaya ta tarayya, amma sun raba goro.

Muna ta kawo ƙwayar. Tambara ta karɓa, ta jefa a baki, ta sha ruwa. Muna ta koma madafi. Muka zauna. Inuwa ta gajarta, muka matsa. Sai aka kawo kunun masara, babbar ƙwarya ta yaran, ƙarama ta Tambara. Yaran suka kewaye tasu. Tambara ta sunkuyar da kai, ta fito da ƙwayar daga kuncinta, ta murƙushe ta da farce, ta zuba a ƙwaryar yaran, ta juya da yatsa. Sannan ta ɗauki nata kunun ta juye musu duka. Ta lashe yatsan. Abincinta ke nan. Fuskarta ba ta motsa ba. A lokacin ko sunayen yaran ba ta sani ba.

Madam ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ni na kira Muna bayan ɗaki.

"Kin sani?"

Ta dubi ƙasa. "Kawu, ƙaƙa zan kai ƙarar uwar mijina? Na hana, tac cije ni, ga wurin. Na daka mata cikin kunu, taj juye musu. Komi anka ba ta sai ta raba. Ko da tana da hankalinta hakanan take." Sannan ta ce a hankali, "Kuma ɗiyana na."

A Kurfai mai riƙe da ludayi ita ke ci a ƙarshe. Shi ya sa cutar ta fi kama mata, shi ya sa kuma maganin bai kai cikinsu ba. Hankali ya tafi, hannu bai manta ba.

Muka koma inuwa muna jera dabaru da Faransanci. Allura: 'yan kwalaben da nake da su ba za su kai mutum biyu ba, kuma sai in kasance a kowane gari kullum, motar ba mai. Kwashe matan zuwa Filinge: babu abin da zan ciyar da su. A ba yaran nasu a gabanta don ta ga sun samu: mun gwada da yamma, ta raba nata duk da haka. Ba lissafi take yi ba. Muka riƙe ta ni da Baushe muka ɗura mata. Ta amayar, ta yi kuka irin na dabba. Baushe ya ce in na sake sa shi wannan, ba shi ba ni.

Kulu tana kallonmu tana tauna.

"Kun ƙare? To akwai abu guda cikin gidan ga da Tambara ba ta taɓa raba ma kowa ba."

Ta ce da Muna ta shiga ɗaki ta ɗauko. Muna ta ja da baya, ta ɓoye hannuwa a bayanta. Kulu ta miƙe da kanta, ta shiga, ta fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle. Ɗan ƙoƙo ne, ya yi baƙi don tsufa. Kowace goɗiya tana da irinsa tun ranar da aka girka ta a bori. Abin da aka zuba a ciki na Doguwa ne, goɗiyarta kaɗai ke sha. Wanda ya sa baki ba nasa ba, an ce hannu ko ƙafa zai shanye. Na tuna ina yaro an taɓa marina don na nuna shi da yatsa.

Idon Tambara ya bi ƙoƙon. Tun da na dawo ban ga ya bi wani abu ba. Ƙaramar jikar ta rarrafo, Tambara ta sa hannu ta tare ta.

"To a daka ƙwayar a zuba ruwa," na ce.

"Ruwa? Kai dai lakkal ta ɓata ka. Doguwa nono taka sha."

Na fassara wa Madam. Ta ɓata fuska, na kuma san dalili. A cikin nono akwai abin da jiki ke ƙera wannan sinadari da shi. In aka ba matan nono tare da ƙwaya, babu mai iya cewa wanne ya dawo da hankalin. Awon zai tashi a banza. Ta jira wannan aiki shekaru, ta zuba masa abin da aka ware wa ɗakin bincikenta, kuma akwai na sama da ita da za su tambaya.

"Tambaye ta," ta ce, "ba za a iya dama ɗan gari da ruwa ya yi fari ba?"

Kulu ta tofar da tukar goro. "Ce mata ba a yi ma Doguwa wayo. In tana son gwadawa, ta bari sai ta koma gidansu."

Madam ta dubi ƙafar Tambara, inda igiya ta goge fata. Ta mai da tabaraunta.

"A ba ta nonon. Duka matan."

"Madam, aikin fa?"

"Na sani. Zan yi baƙin cikinsa a jirgi. Yanzu ina za mu samo nono?"

Babu saniya mai tatsa daga nan har Abala. Amma a sito na sufurefe, mai mulkin Filinge, akwai buhunan madarar gari ta taimako, wadda mutane ke gudu don tana ɓata ciki in an dama ta da ɗanyen ruwa. Na kawo buhu ɗaya. Kulu ta ɗiba ta shaƙa, ta yi atishawa.

"Ba ni da ikon cewa i. Sai an tambayi mai ƙoƙon."

Aka yi wasan bori da la'asar, a filin gabas da gari. Mai gogen ya rame har bakan gogen ya fi hannunsa kauri. Mata uku na kiɗan ƙwarya. An daɗe ana kira ba a amsa ba. Can wata mace daga garin maƙwabta ta yi ƙara ta faɗi, aka rufe ta da farin zane, ta tashi zaune da wata murya. Kulu ta durƙusa a gabanta, ta ajiye faifai mai garin madara da ƙwaya ɗaya.

Muryar ta ɗanɗani garin, ta tofar.

"Wace irin saniya ad da wanga nono?"

"Ta annasara, Uwar gida. Namu sun mutu."

"Na gani. Na biyo kwarin Dallol, ƙashi nika takawa." Goge ya yi ƙasa. "Shekara ta ɓaci ma kowa. Ni sha. Wagga hwarar tsakuwa hwa?"

"Maganin ɗan lakkal na, ƙanen goɗiyakki."

"Wanda anka kai bisa jaki shina hitsari?"

Duk filin ya fashe da dariya, har Baushe. Na daɗe ban ji dariya irin wannan a Kurfai ba.

"A sa," in ji muryar.

Ni na bar waɗannan abubuwa tun ina Yamai. Ban san wa ya yi magana a filin nan ba. Na fassara wa Madam kalma kalma, har da ta jakin, don ta nace.

Washegari da safe Kulu ta haɗa madarar da hannunta. Na ce sai an tafasa ruwan, ta ce Doguwa ba ta hana tsabta ba. Ta daka ƙwayoyin, ta dama, ta ajiye ƙoƙon a gaban Tambara. Yaran suka matso kamar yadda suka saba. Babban ya miƙa hannu. Tambara ta buge hannun da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Ta ɗauki ƙoƙon da hannu biyu, ta juya wa kowa baya, ta shanye. Ta goge shi da bakin zane, ta naɗe.

Kulu ta bi sauran garuruwa a bayan Landroba, tana zagin kowane rami. A cikin Filinge kuwa akwai mata musulmi masu wannan cuta, ba su da ƙoƙo. Madam ta tambaye ni ko su ma suna da abin da ba a rabawa. Na kai ta wurin Malam Ibrah na unguwar kasuwa. Rubutun sha da aka yi da sunan mutum, wani ba ya sha. Ya saurara, ya tambayi abin da ke cikin ƙwayar, ya tabbata ba haram. Ya ce aya ita ce aya, ruwan da aka wanke ta da shi kuwa ba ruwansa da abin da aka narka a ciki.

Abin da Madam ta ji tsoro ya faru. Babbar mujallar da ta yi niyya ta maido da takardarmu, saboda nonon. Daga baya ta fito a wata ƙarama wadda likitocin ƙasashen zafi ke karantawa, da sunana, da na Mansur, da na Malam Ibrah, da na Kulu, na Madam a ƙarshe. Kulu ta so a sa na Doguwa. Madam ta ce masu mujallar ba za su yarda ba, suka daidaita a kan godiya a ƙasan shafi. A Turai kaɗan ne suka ambace ta. Amma da fari ya dawo bayan shekara goma, wasiƙu sun zo mini daga Mali da Cadi, daga mutanen da suka zauna a ɗakin binciken Madam ko suka zauna da waɗanda suka zauna. Ba yawan ƙwaya suke tambaya ba, wannan kowa ya sani. Suna so in taya su gano abin da ba a rabawa a wurinsu.

Na wuce gaba da labarin, bari in koma baya. Tambara ba ta warke kamar walƙiya ba. Zawon ne ya fara tsayawa. Sai barci ya zo. Baƙar fatar wuyan ta fara saɓulewa, sabuwa na fitowa a ƙasa. Ta fara cin rabin kununta kafin ta juye sauran. Baushe ya kwance igiyar, ya kai ta bayan rumbu ya jefar. Madam ta wuce ranar komawarta, ta aika waya, ta zauna. Ta ci gaba da ɗibar fitsarin duk da ta san ba zai yi mata amfani ba. Ta ce hannunta ya saba.

Wata hantsi muka iso, muka tarar da Tambara zaune da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga jar dawa. Na durƙusa kamar kullum. Ta ɗago, ta daɗe tana dubana.

"Albarka? Yaushe kaz zo?"

"Na jima, Yaya."

"Ka rame. Ba su ba ka abinci can?"

Baushe, wanda ke tsaye a bakin danga, ya ce wai zai je ya duba jaki. Jakinsa ya mutu tun rani.

Sai ta hango Madam a kan tabarma. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta rage murya.

"Wacce wagga?"

"Malamata ce. Ita ta kawo maganin."

"Tun yaushe take zamne nan?"

"Ta kwana biyu tana zuwa."

"An ba ta ruwa?"

Ba a ba ta ba. Ni na hana tun ranar farko, don na san rijiyar. Muna ta fara bayani, Tambara ta ɗaga mata hannu.

"Baƙuwa cikin gidana, ba ruwa. Kun kashe ni."

Ta dafa dirka ta miƙe. Na kai hannu, ta ture. Ta je tulu, ta ɗauraye ƙwarya, ta ɗebo, ta zo ta durƙusa a gaban Madam. Ruwan kalar ƙasar Dallol. Na ce wa Madam da Faransanci ta taɓa da leɓe kawai, ya isa. Ta karɓa da hannu biyu, ta shanye har ƙasa. Ta biya da kwanaki a kwance a gidana, ni na yi jinyarta. Ban iya godiya da baki ba, ita ma ba ta iya karɓa ba, shi ya sa muka yi ta maganar awo har ta tashi.

Amma a ranar, Tambara ta karɓi ƙwaryar, ta kife ta a kan tulu, ta tsaya tana kallon gabas. Akwai ɗan hadari can ƙasa, wajen Abala.

"Baushe!"

Ya fito daga bayan danga, idanu jajur.

"Ina irin da nib bari cikin ƙaramin tulu?"

Ya dube ni, ya dubi Muna. "Mun ci."

"Kun ci iri." Ta jinjina kai. "Na kwanta kaɗan, kun ci iri." Ta juyo gare ni. "Kai, ba kai ad da mota ba? Tashi ka tahi Filinge ka nemo. Na gero, ba wagga jar banza ba. Kuma kak ka tsaya hira."

Na tashi. Madam da Baushe suka tura motar.